Ina Za A Kai Tsofaffin Kayan Ɗaki?

Da wuya ka shiga gida a garuruwanmu ba ka tarar da wani lungu da aka jibge tsofaffin kayan ɗaki ba. Wani gidan kujera ce mai ƙafa uku a jingine da bango, wani gadon ƙarfe ne aka kwance aka ɗora bisa rufin kicin, wani kuwa kabad ne a zaure wanda ƙofarsa ta ɓalle tun bara waccan. Ba a amfani da su, ba a kuma iya rabuwa da su. Rana ta buga, ruwa ya jiƙa, gara ta shiga, har ranar da za a ce a fasa a hura wuta. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne, kusan kowane irin tsohon kaya yana da mai bukatarsa, in dai an neme shi da wuri, an kuma gaya masa gaskiya.

Kafin kome, sai a san mai kayan. A al'adarmu kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata ranar aure. Saboda haka maigida ba shi da ikon kyautar da su don kawai sun tsare masa hanya, balle mu yara. In kuwa mai kayan ta rasu, to, gadon nan da ake gani ya zama kayan gado, sai magada sun yarda kafin a fitar da shi. Sau da yawa rigimar da ke raba zumunci ba ta wuce ta wata tsohuwar kujera da wani ya ɗauka bai yi shawara ba.

Bayan an sami izini, sai a fito da kayan tsakar gida a duba su da idon basira. A girgiza kujera a ji ko gaɓoɓinta ne suka yi sako-sako, ko kuwa itacen ne ya ruɓe. A ƙwanƙwasa katako. In ya yi ƙarar fanko, ko aka ga gari yana zubowa daga 'yan ramuka, ƙwari sun riga sun ci cikinsa. A nan ne za a ga bambancin kayan da da na yanzu. Kafintocin da sukan yi aiki da katako mai ƙwari irin su maɗaci da loko, wanda ko ya shekara arba'in in an goge shi aka shafa masa mai sai ya koma kamar sabo. Yawancin kayan yanzu kuwa da garin katako da aka matse da gam ake yinsu, a lulluɓe da leda mai sheƙi, kuma da zarar ruwa ya taɓa su sai su kumbura su marmashe. Shi ya sa teburin kaka mai muni yakan fi kabad ɗin amarya daraja a wurin masu sanin kaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abu na gaba shi ne tsafta, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin sakaci. Babban abokin gabar tsohon gado da kujerar kushin shi ne kuɗin cizo. Yakan ɓuya a bakin ɗinkin katifa da tsagar katako da mahaɗar ƙarfe, ya saka ƙwai a ciki, yana kuma iya yin watanni bai sha jini ba bai mutu ba. Don haka ajiye gado a ɗakin shirgi ba ya kashe shi. Zafi ne maganinsa. A kwance gadon gaba ɗaya, a kwarara tafasasshen ruwa a duk mahaɗa in na ƙarfe ne, a wanke rigunan kushin da ruwan zafi, a shanya kome a rana mai ƙarfi kwana da kwanaki ana juyawa. A guji fesa fiya-fiya a ɗakin da mutane ke kwana, don guba ce ga ɗan Adam kamar yadda take ga ƙwaro. Katifar da ƙwarin suka mamaye ba abin bai wa kowa ba ce. Wanda ya kai wa maƙwabcinsa kyautar gado da kuɗin cizo a ciki, masifa ya kai masa.

To, kaya sun tsabtatu, ina za a nufa da su? Hanya ta farko ita ce gyara. Kafinta zai sake wa kujera ƙafa, mai aikin kushin ya canja soso da yadi, mai walda ya like gadon ƙarfe a yi masa fenti. Katifar audugar rimi ma akan farke ta, a shanya audugar, a buge ta, a ɗinka sabuwar riga. Wani lokaci in aka gama gyaran sai mai kayan ta ce ta fasa rabuwa da su.

Hanya ta biyu sayarwa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da labarin kaya, ta haɗa mai sayarwa da mai saye, ta karɓi la'adarta. Yanzu ma har hoton kayan takan ɗauka a waya ta nuna, ba sai an yi dakonsu ba. Akwai kuma masu shagon kayan hannu da ke saye su gyara su sayar. Sai dai a tuna, kuɗin da aka sayi abu sabo ba shi ne kuɗinsa yau ba, kuma wanda ya nace sai an ba shi wannan farashi, gara ce za ta cinye masa kayan kyauta. A kuma faɗi aibin kaya tun kafin a tambaya. In durowa ba ta rufuwa, a ce ba ta rufuwa.

Hanya ta uku ita ce kyauta, kuma ita ta fi bukatar tunani. A fara dubawa cikin dangi da unguwa. Ga saurayin da ya kama ɗaki a soro ba shi da ko kujera. Ga sabon malamin da aka yi wa canji zuwa garinmu, da ɗan bautar ƙasa, wanda tun da aka kafa tsarin a 1973 yakan sauka baƙon gari da jaka ɗaya. Ga marainiyar da za a aurar, iyayen riƙonta na ta lissafin gado da katifa. Mai shayi na son benci, tela na son tebur, makarantar Islamiyya ta unguwa na son allo da kujerar malam. Amma a tambayi mutum tukuna ko yana so, kuma a bar shi ya gani da idonsa, ya ƙi in ya ga dama ba tare da jin nauyi ba. A kuma daidaita maganar dako, domin wanda bai iya sayen kujera ba sau da yawa ba shi da kuɗin amalanke ko a-kori-kura. A nan ne mu ɗalibai za mu yi amfani lokacin hutu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura kayan da suka wuce gyara. Su ma ba a rasa masu so ba, sai dai a rarraba su. Ƙarfe na 'yan gwangwan ne, su auna a sikeli su biya. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga yadda tsohon ƙarfe da katako ke komawa murhu da akwati da ƙyaure. Katakon da bai ruɓe ba kafinta zai fitar da kujerar tsugunno ko akurkin kaji daga cikinsa. Abu biyu ne kawai ba su kamata ba. Kada a ƙona soson kujera ko na katifa, domin hayaƙinsa guba ne mai iya kashe mutum a wurin da iska ba ta shiga. Kada kuma a jefa tarkace cikin kwalbati ko lambatu, don shi ke toshe hanyar ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga gidajen mutane.

Ina roƙon kowane ɗalibi, in ya koma gida wannan hutu, ya leƙa lungun nan tare da mahaifiyarsa kafin ruwan farko ya sauka. Wataƙila gadon da kaji ke kwana a kai shi ne wanda wani a bayan gidanku yake kwana a tabarma yana fatan samu. Allah ya sa mu dace.