Hisabin Zaren Kolajin a Sassan Jiki Masu Taushi

Duk wanda ya kama fatar bayan hannunsa ya ja ta sannu a hankali zai ji da farko tana bin yatsunsa ba gardama, sa'an nan ta cije, ta ƙi ƙara miƙewa sai da ƙarfi mai yawa. Asalin wannan ɗabi'a wani sinadari ne da masana ke kira kolajin, wanda Allah cikin hikimarsa ya sanya shi ginshiƙin fata da agara da bangon jijiyoyin jini, har ya kai kusan sulusin furotin da ke jikin ɗan Adam. Siffarsa kuwa, kamar yadda Ramachandran ya bayyana a Madaras ta Indiya a 1954, silili uku ne a murɗe tamkar tufkar igiya.

Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya kafa ƙa'idar cewa idan aka ninka ƙarfin da ake jan abu da shi, miƙewarsa ma za ta ninku. Amma da ma'abota hisabi suka jarraba ta a kan nama, sai ta gaza. A 1967 Yuan-Cheng Fung, haifaffen ƙasar Sin mazaunin Amurka, ya yi ta jan tantanin da ke riƙe da hanjin zomo, ya tarar taurinsa yana ƙaruwa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ya kuma tsara wannan a lissafi.

Dalilin hakan, wanda Yoram Lanir ya gina hisabinsa a kansa a 1979, shi ne zaruruwan kolajin a lanƙwashe suke kwance, kuma lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce. Saboda haka idan an fara ja, kaɗan ne ke miƙewa su ɗauki nauyi, sauran suna shigowa bi da bi, har lokacin da duka suka miƙe, nan ne nama yake taurara. Lissafin nasa tara ƙarfin zaruruwan da suka riga suka miƙe ne kawai.

Bayan haka, a 2000, Holzapfel da Gasser da Ogden suka shigar da fuskar da zaren ya nufa, domin a bangon jijiyar jini zaruruwan kashi biyu ne masu nannaɗe ta, suna gittawa juna. Da irin wannan hisabi ne a yau ake ƙiyasta a kwamfuta yadda jijiyar da ta toshe za ta buɗe, kafin likita ya zura mata abin faɗaɗawa.