Taliyar shinkafa da miyar tumatir: girkin mutanen Kucin

A ƙasar Maleziya, can gabashin duniya, akwai wani birni da ake kira Kucin. Shi ne babban birnin jihar Sarawak, a tsibirin Borniyo. Mutanen wannan birni sun shahara da wani abinci: soyayyar taliyar shinkafa mai faɗi wadda ake kwarara wa miyar tumatir. Sinawa da suka zauna a can tun zamanin kakanninsu ne suka zo da irin wannan taliya. Suna kiranta "kwe tiyau".

Me ya sa muka kawo muku labarinta? Domin kayan haɗinta duk muna da su. Ana noman shinkafa a bakin kogin Kwara. Lokacin sanyi kuma tumatir yakan cika kasuwa har ya yi araha, wani ma ya ruɓe a hannun mai lambu. Duk girkin da zai ci tumatir da yawa, taimako ne ga manomi, lafiya ce kuma ga iyali.

Yadda ake yin taliyar

A niƙa shinkafa ta yi laushi sosai. Ko tsakin shinkafa ma ya isa. A auna kofi 2 na garin, da kofi 1 na sitacin rogo ko na masara, da kofi 3 na ruwa, da gishiri kaɗan. A dama har ƙullun ya yi ruwa-ruwa kamar na koko. A kula: sitaci na ci ake nufi, ba wanda ake sa wa tufafi ba.

A shafa mai a faranti na ƙarfe. A zuba ƙullu kaɗan, ya rufe gindin farantin kawai. A ɗora bisa tukunyar ruwa mai tafasa, a rufe. Bayan minti 4 ya dahu. A bari ya huce, a shafa masa mai, a ɓamɓaro shi, a yanka da faɗin yatsa. Haka za a yi ta yi har ƙullun ya ƙare.

Yadda ake soya ta

A ɗora kasko a wuta mai ƙarfi, a zuba cokali 2 na man gyaɗa. In ya yi zafi sosai, a zuba taliyar kaɗan-kaɗan. A juya a hankali don kada ta dagargaje. In gefenta ya fara yin ja, a kwashe. A Kucin suna ɗiga mata baƙin ruwan waken soya. In babu shi, gishiri kaɗan ya isa.

Yadda ake yin miyar

A soya albasa 1 da tafarnuwa. A zuba naman kaza da aka yayyanka ƙanana. Mutanen Kucin sukan ƙara da jatan lande, domin suna kusa da teku. In naman ya soyu, a zuba tumatir 6 manya da aka niƙa, da kofi 2 na ruwa, da ƙaramin cokali na sukari don ya kashe tsami. In lokacin ɗanyen tumatir ya wuce, a jiƙa busasshe a niƙa. A bari ta tafasa minti 15. A zuba ganyen alayyafo ko kabeji. Sa'annan a dama babban cokali 1 na sitaci da ruwan sanyi, a zuba ana motsawa har miyar ta yi kauri. A kwarara ta bisa taliyar, a ci da zafinta.

Gargaɗi game da lafiya

Taliyar shinkafa ɗanya tana da danshi, ba ta daɗewa kamar busasshiyar taliyar kanti. In ta kwana cikin zafi, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinta, su kawo amai da zawo. Ɗumamawa ba kullum take kawar da dafinsu ba. Don haka a yi daidai cin yini ɗaya. A wanke hannu da sabulu kafin girki, a wanke tumatir da ganye da ruwa mai tsabta. A rage gishiri saboda masu hawan jini.

Shinkafa tana ba da ƙarfin aiki, nama yana gina jiki, tumatir da ganye kuma suna kare shi daga cututtuka. Uwargida, in tumatir ya yi araha bana, ki jarraba wannan girki.