Hawan Babur Da Damina: Yadda Mahayi Zai Tsare Jikinsa Da Ganinsa

Damina albarka ce ga manomi da makiyayi, amma ga mai babur lokaci ne na taka-tsantsan. A Kudancin Nijeriya ruwa yakan sauka tun daga watan Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba ko Nuwamba, har garuruwa irin su Fatakwal da Kalaba sukan sami fiye da milimita 2,000 a shekara. A can Arewa kuwa damina gajeriya ce, ƙarfinta daga Yuni zuwa Satumba, amma takan zo da hadari da iska, musamman a malkar Agusta. Ko ina mutum yake, mai mota yana da rufi da abin share gilashi, mai babur kuwa ba shi da ko ɗaya. Saboda haka wajibi ne ya yi wa kansa tanadi tun kafin ya bar gida.

Illar Jiƙewa

Wasu suna ɗauka jiƙewa ba ta wuce ɓata tufafi ba. Ba haka abin yake ba. Jiƙaƙƙiyar riga tana zuƙe ɗumin jiki, iskar gudu kuma tana ƙara gaggauta haka. In an jima sai yatsu su sandare, jiki ya kama ɓari, hankali ya koma ga ɗokin isa gida. Hannun da ya sandare ba ya kama birki a kan kari, mai ɗoki kuwa shi ne mai ƙara wuta a inda ya kamata ya sassauta.

Tufafin Da Suka Dace

Rigar ruwa mai ƙwari da wandonta sun fi doguwar leda mai kaɗawa a iska. A sa su tun hadari yana haɗuwa, domin wanda ya sa rigar ruwa bisa jiƙaƙƙun kaya ya kulle sanyi ne a jikinsa. Rigar ta sauko bisa wando, wandon ya sauko bisa takalmi, yadda ruwa zai gangare ta waje kamar yadda yake gangarewa daga jinka. A ɗaura ƙaramin tawul a wuya ya tare abin da ke zirarowa daga hula. Takalmi ya zama rufaffe mai kaushin tafi. Silifa tana santsi a kan matakin birki. Launi mai haske, kamar rawaya ko ruwan lemo, ya fi baƙi nesa, gama direban babbar mota yana hangensa tun daga nesa.

Babbar riga da gyale da hijabi, a naɗe su a tattare sosai. Jiƙaƙƙen ƙyalle yana yin nauyi ya sauka, in kuwa sarƙa ko wayoyin ƙafar baya suka kama shi, yana iya fizgo mutum ƙasa. Haka kuma kada mahayi ko fasinja ya buɗe lema bisa babur: iska tana cika ta ta karkatar da babur, tana kuma tare ganin hanya. Takardu da wayar hannu a ƙulle su cikin leda.

Hular Kwano Da Gilashinta

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta sa hular kwano a ƙasa baki ɗaya ran 1 ga Janairu, 2009, ga mahayi da wanda ya goya. Da damina hular tana da amfani na biyu, watau kare ido. Ɗigon ruwa yana dukan fuska kamar tsakuwa in ana gudu, sai mutum ya riƙa runtse ido ko sunkuyar da kai. Babur da ke gudun kilomita 50 a sa'a yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Wanda ya kau da ido na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 28 a makance, wannan kuwa ya isa a taka yaro ko a afka rami.

Abu biyu ke dushe gilashin hula. Na farko ɗigon ruwa ta waje. Tsabtataccen gilashi yana barin ruwa ya zame, mai ƙura da maiƙo ko wanda ya kakkarce yana riƙe shi, ya kuma warwatsa hasken fitilun motoci da dare. A wanke shi da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a goge da tattausan ƙyalle. Kada a goge shi a bushe yana da ƙura, kada kuma a shafa masa fetur, domin yana cin roba. In ya kakkarce ƙwarai a sake sabo.

Na biyu suracen numfashi ta ciki. Numfashi yana da ɗumi da laima, da ya taɓa gilashin da ruwa ya sanyaya sai ya kwanta a kansa kamar raɓa. Maganinsa iska: a buɗe ƙofofin iska na hular, a ɗaga gilashin kaɗan, kamar kaurin ɗan yatsa, a riƙa fitar da numfashi ƙasa. Shafa ɗan ɗigon sabulun ruwa ta ciki, a goge har ya yi garau, yana hana suracen taruwa na ɗan lokaci. Mai sa tabarau ma yana iya yin haka. Baƙin gilashi da baƙin tabarau na rana ne, ba na hadari ko dare ba. A kunna fitila ko da rana tsaka, ba don a ga hanya kaɗai ba, har don a ga mahayi.

Tafiya Bisa Jiƙaƙƙiyar Hanya

Kwalta ta fi santsi a farkon saukar ruwa, sa'ad da ya taso da mai da ƙurar da suka daɗe a kwance. Fentin layin hanya, murfin ƙarfe, dogon jirgin ƙasa da laka duk wuraren santsi ne. Tsagin da ke jikin taya shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta, saboda haka tayar da ta suɗe ba ta da riƙo. Nisan da ake bukata kafin a tsaya yana iya ninkawa biyu, don haka ratar daƙiƙa biyu da ake bari da rani ta koma huɗu. A kama birkin gaba da na baya tare, a hankali, tun kafin a shiga kwana. Bayan an bi ta cikin ruwa a ɗan taɓa birki sau da yawa har ya bushe. Kada a manne wa babbar mota, gama feshin tayoyinta yana makantarwa.

Kwantaccen ruwa yana ɓoye rami da buɗaɗɗen kwalbati. Ruwa mai gudu kuwa, ko bai wuce santimita 15 ba, yana iya kwashe ƙafar babban mutum, balle babur.

Lokacin Fakewa

In ruwa ya kece har ba a hangen abin da ke gaba, babu dabarar da ta fi tsayawa. A sauka daga kwalta ɗungum, a nemi gini a fake. Kada a fake gindin itace ko kusa da turken lantarki, saboda tsawa da karyewar reshe. Ɗan acaɓa kada ya bari fasinja ya iza shi, kuɗin ɗauka ɗaya ba ya biyan ɗorin ƙafa. Wanda ya ga haɗari ya buga lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, kyauta ne.

Masu magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Iyali sun fi son mai gida ya iso a makare da a kawo musu labarinsa. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.