Kaka Ta Yi, Ina Tsofaffinmu?

An yanke gero, dawa ta nuna, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Kuka ta zubar da ganyenta, gawo kuwa sai yanzu yake toho, dabbobi suna samun inuwa a gindinsa. Haka tsofaffinmu suke: ƙarfi ya zube, amma hikima sai yanzu take toho.

A wannan lokaci ne ikkilisiyoyinmu suke bikin godiyar kaka. Mukan kawo buhunan masara da kaji majami'a muna rawa. Amma da yawa daga cikinmu masu aiki a Kaduna ko Jos, rabonmu da Baba da Mama tun Kirsimatin bara. Muna aika kuɗi, amma kuɗi ba ya hira. A Markus sura 7, Yesu ya tsawata wa Farisiyawa domin sun yarda mutum ya keɓe dukiyarsa ga Allah, ya bar iyayensa cikin rashi.

'Yan'uwa, mu je gida. Mu shimfiɗa tabarma, mu taya su ɓarar gyaɗa, mu karanta musu Littafi Mai Tsarki tunda ido ya yi rauni, mu tambaye su asalin gidanmu. Ganyen kuka zai dawo da damina. Iyaye kuwa in sun tafi, sai mun haɗu a gaban Ubangiji.