Taswirar 'Yan Mishan da Gonakin Makoɗa: Abin da Ta Gani da Abin da Take Zato

Duk wanda ya buɗe Google Earth a wayarsa ya matso da hoton ƙasar Makoɗa, a arewacin Jihar Kano, zai ga abin da masana suka daɗe suna faɗa game da karkarar Kano: da wuya ido ya faɗa kan filin da ba a nomawa. Gonaki ne ƙanana an yanka su gunduwa-gunduwa, kuka da gawo da ɗorawa sun yi ɗigo-ɗigo a tsakiyarsu, burtali ya ratsa ta nan ya ɓulla ta can, rufin kwano yana walƙiya, a wasu gidajen har rumbuna ana iya ƙirgawa. Ƙidayar 2006 ta ba wannan ƙaramar hukuma, mai hedikwata a Koguna, mutum sama da 220,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 441, wato kusan mutum 500 a kowace murabba'in kilomita. Irin wannan cunkoson manoma ne ya sa Michael Mortimore ya duƙufa kan nazarin kewayen Kano tun a shekarun 1960. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne, wannan ƙasa tana cikin wata taswira ta dabam da ƙungiyoyin mishan na Kirista suka zana domin tsara aikinsu. Ra'ayina a kanta shi ne, taswirar ta san inda gida yake ƙwarai da gaske, amma abin da take faɗa game da mutanen cikin gidan ƙiyasi ne, kuma haɗarin yana wurin da aka haɗa waɗannan abubuwa biyu kamar darajarsu ɗaya.

Asalin taswirar ba ɓoyayye ba ne. A babban taron masu bishara da aka yi a birnin Lozan na Suwizalan a 1974, wani Ba'amurke mai suna Ralph Winter ya ja hankalin mahalarta cewa ƙirga ƙasashe yana ruɗar da su: ƙasa guda tana iya cika da majami'u, amma a cikinta a sami al'ummai masu harshensu da al'adarsu waɗanda saƙon bai shige su ba. Najeriya misali ce a fili, domin zancen Legas da Jos dabam, na Daura da Kazaure dabam. Daga nan aka koma ƙirga al'ummai. A 1983 Bob Waymire ya kafa Global Mapping International, ƙungiyar da babban aikinta shi ne haɗa taswirar kwamfuta da alƙaluma domin 'yan mishan. Da taimakon masananta ne Luis Bush, haifaffen Ajantina, ya fito da abin da ya kira Tagar 10/40 a wajajen 1990, wato yankin da ke tsakanin digiri 10 da digiri 40 arewa da layin da ya raba duniya biyu, daga Afirka ta Yamma har gabashin Asiya, inda ya ce nan Kiristoci suka fi ƙaranci, talauci kuma ya fi tsanani. Makoɗa tana sama kaɗan da digiri 12. Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi duk suna tsakanin layukan nan biyu. A 1995 aka fara Joshua Project, wanda ya tattara jerin al'ummai wajen 17,000, ya kuma ware wajen 7,000 a matsayin waɗanda ba a kai gare su ba. Ma'auninsa shi ne al'ummar da Kiristocinta ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba, masu bin tafarkin bishara kuma ba su wuce kashi 2 ba.

Yadda manhajar taswirar take aiki ba shi da wuyar ganewa. Taswirar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai hoton tauraron ɗan'adam, a kansa a ɗora hanyoyi da koguna, sai iyakokin jihohi da ƙananan hukumomi, sai yankunan harsuna, sai yawan jama'a. Yankunan harsunan galibi daga Ethnologue ake ɗauko su, kundin da ƙungiyar SIL ta fara fitarwa a 1951, wanda yanzu yake da harsuna sama da 7,000, kowanne da lambar haruffa uku. Ta Hausa ita ce hau. Bayan wannan akwai jadawali, kowace al'umma da layinta: suna, ƙasa, harshe, yawan mutane, babban addini, kason Kiristoci, ko an fassara Littafi Mai Tsarki cikin harshen, ko akwai shirin rediyo ko fim. Mai aiki da manhajar taswira irin ArcGIS ko QGIS sai ya umarci kwamfuta ta nuna masa inda jama'a suka yi yawa amma babu majami'a a cikin kilomita 20, nan take wurin ya rine da ja. A da wannan aiki na ƙwararru ne masu kayan aiki masu tsada. Global Mapping International ta rufe a 2017, a lokacin da abin ya riga ya zama na kowa. QGIS kyauta ce, kuma a 2021 Google ya saki zanen gine-gine sama da miliyan 500 na Afirka, duk mai so ya sauke.

A nan ne ya kamata mai karatu ya rage sauri. Hawan farko na taswirar awo ne, ana iya zuwa a tabbatar: in ta ce akwai gida a gefen burtali, a je za a tarar da shi. Hawan addini da ƙabila kuwa ba wanda ya auna shi. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba, da gangan, don gudun rigima. Ta 1963 ce ta ƙarshe da aka fitar da alƙaluman addini daga gare ta. Saboda haka duk wanda ya ce maka kashi kaza da ɗigo kaza na Hausawa Kiristoci ne, ko Maguzawa sun kai dubu kaza, ya haɗa ne daga tsofaffin alƙaluma da rahoton majami'u da hasashen ma'aikatan da ke wurin. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma abin da kwamfuta take yi a nan shi ne ta sa wa ji rigar gani. Lambar da aka ƙiyasta, da zarar ta hau kan hoton tauraro mai nuna kowace bishiya, sai ta ari gaskiyar hoton, mai kallo ya ɗauka ita ma an auna ta.

Matsalar ba ta tsaya ga lamba ba, ta kai ga layin jadawalin kansa. Jadawali yana son kowane mutum ya zauna a layi ɗaya, ƙasar Kano kuwa ba haka take ba. Ɗambazawa na Ɗambatta, maƙwabtan Makoɗa, masu riƙe da sarautar Sarkin Bai, Fulani ne na asali tun zamanin jihadi, amma Hausa ce harshen yau da kullum na yankin. Wane layi za a sa su? Rugar da ke tsakiyar gonakin Hausawa, wadda take nan da rani ta tashi da damina, wane launi za a ba ta? Batun Maguzawa ya fi wannan sarƙaƙiya. Hausawa ne, Hausa suke yi, abin da ya bambanta su shi ne addinin gargajiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya bayyana bayan ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. Rumbunan bayanan mishan sukan ba su layi nasu dabam. To amma tun daga rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a farkon shekarun 1960, da aikin majami'u irin su ECWA da Katolika, da yawa sun musulunta, wasu sun zama Kiristoci, kuma a gida ɗaya ana iya samun kaka mai tsafi, ɗa mai salla, jika mai zuwa coci. Al'ummar da aka ware da addini, in mutum ya sauya addinin, ya fita daga layin ko yana ciki? Duk amsar da aka bayar, lissafin zai karkace.

Wani mai karatu Musulmi zai ce wannan duk yawan magana ne, abin leƙen asiri ne, a hana shi kawai. Damuwarsa tana da tushe, domin ba wanda zai ji daɗin ganin an rina garinsu da ja an sa shi cikin jerin wuraren da ake hari, kuma sunan Joshua kansa na jagoran yaƙi ne a Littafi Mai Tsarki. Amma abu biyu sun raunana wannan matsayi. Na farko, leƙen asiri a ɓoye ake yin sa, waɗannan bayanai kuwa a buɗe suke a intanet, kuma al'adar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba: tun 1924 William Roome ya buga taswirar Afirka mai nuna ƙabilu da harsuna da tashoshin mishan. Tarihi ma ya nuna ba rashin taswira ba ne ya tsare mishan daga masarautu. Ayarin Bishop Tugwell ya san hanyar Kano sarai da ya iso a 1900, Sarki Alu ne ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan haka Turawan mulki suka taƙaita shigarsu, sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta sami ƙofa ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, sannan asibitin ido na Kano a 1943. Abin da ya buɗe ƙofa buƙatar jama'a ce da ba a biya ba.

Na biyu ya fi nauyi. Wannan fasaha dai ita ce ta taimaka wajen raba Kano da cutar shan-inna. A 2003 zargi ya sa aka dakatar da rigakafi a jihar har zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Daga 2012 aka fara maye gurbin taswirorin da ake zanawa da hannu da na tauraron ɗan'adam, tare da aikin ƙungiyoyi irin su eHealth Africa a Kano. Mai ɗigon rigakafi takan jefa waya a jakarta tare da akwatin sanyi da alli, wayar tana rubuta inda take kowane 'yan mintuna, da yamma a ɗora sawunta a kan taswira a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake. Ta haka aka gano ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin jerin kowa. An ga nau'in cutar na asali karo na ƙarshe a Kano a 2014, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in a watan Agustan 2020. In aka koya wa mutanen karkara cewa duk mai riƙe da waya yana ɗaukar lambar wuri maƙiyi ne, ba ɗan mishan da ke ƙasar waje za a cutar ba, ma'aikaciyar lafiya da ke ƙofar gida ce, kuma Kano ba ta manta da masu rigakafin da aka harbe a watan Fabrairun 2013 ba.

Mai karatu Kirista shi ma yana da tasa hujjar. Zai ce sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da sauya shi da yaɗa shi, masu da'awa ma suna neman sanin inda ƙauyukan Maguzawa suke kafin su ɗauki hanya, kuma yanzu aikin ba na Turawa kaɗai ba ne, tun da ƙungiya irin CAPRO a Zariya aka kafa ta a 1975, 'yan Najeriya ne suka kafa ta. Zai ƙara da cewa Hausa kanta ta ci moriyar wannan ƙwazo na tattara bayanai, daga nahawun Schön na 1862 zuwa ƙamusun Bargery na 1934. Duk wannan gaskiya ne, ban ga dalilin musa shi ba. Sai dai 'yancin wa'azi bai haɗa da 'yancin rubuta addinin mutum a kan rufin ɗakinsa ba. Taswirar da ta ce Hausawa galibinsu Musulmi ne ba ta cutar da kowa, ba ta ma gaya wa kowa sabon abu ba. Wadda ta sauko har ta nuna gida kaza a unguwa kaza ya karɓi sabon addini, ko ana taruwa a cikinsa ranar Lahadi, wannan takarda ce mai iya jawo asarar rai in ta faɗa hannun da bai dace ba, kuma bayanin da ya shiga kwamfuta ba a da tabbacin inda zai kwana. Tarzomar da ta ɓarke a Kano a watan Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ta nuna yadda irin wannan al'amari yake saurin kama wuta, kuma marasa rinjaye ne suka fi shan wahala. A ƙasa mai cunkoso irin Makoɗa, inda katangar wani take jingine da ta wani, ɗigo ɗaya a taswira sunan mutum ne ko da ba a rubuta sunan ba.

Saboda haka iyakar da ta dace a ja ba tsakanin taswirar Musulmi da ta Kirista take ba, tana tsakanin bayanin al'umma da bayanin gida. Doka ma tana wannan ɓangaren: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa addini da ƙabila cikin bayanai masu haɗari waɗanda ba a sarrafa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar yardar mai su, ta kuma kafa hukumar da za ta sa ido. Wannan ya hau kan majami'a da ƙungiyar da'awa da ɗan siyasa da kamfanin bincike baki ɗaya. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne ake fara sallama wa kafin a shiga gari, ya kamata su san wannan bambanci, su bar mai auna hanya da rijiya da makaranta ya yi aikinsa, su tsayar da mai bin gida-gida yana rubuta aƙida. Kai kuma mai karatu, Musulmi ne kai ko Kirista ko Bamaguje, in aka zo ƙofar gidanka da waya ana tambayar addininka, kana da haƙƙin ka tambayi wa ya aiko, ina za a ajiye amsar, wa zai gan ta, kuma kana da haƙƙin ka ƙi amsawa.