Uwa Biyu a Gida Ɗaya

A wannan mako ba zancen girki ko ɗinki na zo muku da shi ba, labarin wani sinima ne na Amurka wanda ya fito a 1959, sunansa Imitation of Life, watau Kwaikwayon Zaman Duniya. Ya tsufa ƙwarai, amma zancen da ke cikinsa shi ne wanda kowace yarinya ke tararwa a bakin ƙofa ran da ta bar makaranta da takardar shaida a hannu: aiki za ta kama, ko kuwa zaman gida da renon 'ya'ya? Waɗansu sukan ɗauki fim ɗin hujja, su ce ga abin da kan sami macen da ta fifita aiki bisa ɗa. Ni kam ba haka na gani ba. Bari in ba ku labarin, ku auna da kanku.

An fara shi a 1947, a bakin teku a birnin Niyok inda jama'a kan taru shan iska. Wata Baturiya mai suna Lora, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya ɗaya, Susie, 'yar shekara 6, ta nemi yarinyar cikin taro ta rasa. Tana ta kai da kawowa hankali tashe, sai ta iske ta a hannun wata baƙar mace, Annie, tana wasa da 'yarta Sarah Jane mai shekara 8. Ita Sarah Jane fara ce sol, har Lora ta zaci 'yar Turawa ce aka ba Annie raino. Ashe 'yar cikinta ce, hasken uba ta ɗauko. Annie ba ta da wurin kwana, Lora ba ta da kuɗin biyan mai aiki, aka dai shirya su kwana ɗaya a wani ƙuntataccen ɗaki kusa da madafa. Kwana ɗayan nan shi ya zama fiye da shekara 10.

Babban burin Lora ta zama shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo. Kullum sai ta yi sammako tana bin ofisoshin masu shirya wasa, da dare ta zauna rubuta adireshi a bayan ambulan don ɗan abin cefane. Annie kuwa ita ce dafuwa, ita ce wanki, ita ce kula da yara biyu, har goge matakalar bene take yi don a rage musu kuɗin haya. Ana nan sai wani mai ɗaukar hoto, Steve, ya nemi Lora da aure, amma da sharaɗin ta bar zancen wasa. Shi kansa ya riga ya jingine nasa burin ya kama aikin talla a wani kamfani, yana ganin ita ma haka ya kamata ta yi. Suna cikin maganar sai waya ta yi ƙara, ana nemanta gwajin wani wasa. Ya ce kada ta je. Ta kewaye shi ta fita.

Allah ya ba ta sa'a, sunanta ya tashi. Zuwa 1958 ga katafaren gida a bayan birni, ga sutura, ga Susie a makarantar kwana mai tsada, har doki aka saya mata. Abu ɗaya ne yarinyar ba ta samu ba, watau uwar da za ta zauna ta saurare ta. Duk tambayoyin da budurwa kan yi sa'ad da ta fara sanin kanta, wurin Annie take kai su. Steve ya sāke dawowa, Lora ta yi alkawarin hutu da iyali, sai aka kira ta Italiya yin wani fim, ta tafi ta bar masa amanar Susie. Yarinya mai ƙishin kulawa ta ga mai kula da ita, sai ta kamu da sonsa, alhali kuwa uwarta zai aura. Lora ba ta lura ba sai da Annie ta gaya mata daga kan gadon ciwo. Da uwa da 'ya suka haɗu, Lora ta shiga lissafa abin da ta kashe mata. Susie ta ce duk ta sani, amma Annie ce ta yi mata uwa. Lora ta ɗaga kai ta ce to za ta haƙura da Steve dominta, yarinyar ta roƙe ta ta daina yi mata wasan kwaikwayo. Kai, wannan magana ta fi mari zafi!

Da a nan labarin ya tsaya, da masu cewa mace ta zauna gida sun ci gari. To amma fa akwai uwa ta biyu a gidan, kuma ita ba ta taɓa yin nisa da 'yarta ba ko na yini guda. Me ta samu?

Ku tuna a Amurka ta wancan zamani duk wanda ke da jinin baƙar fata, kome haskensa, baƙi ake lissafa shi, ƙofofin aiki da na zama da yawa a rufe suke gare shi. Sai a 1954 Kotun Ƙoli ta haramta ware makarantun baƙaƙe da na farare, sai a 1964 aka yi dokar hana wariya a wurin aiki da wuraren taruwar jama'a. Sarah Jane ta buɗe ido ta ga inda aka ajiye uwarta, ɗakin baya, ta ƙudurta ba za ta zauna nan ba. Wata rana ana zuba ƙanƙara Annie ta bi ta makaranta da takalmin ruwa. Malama ta ce ai babu baƙar yarinya a ajinta. Annie ta hango 'yarta tana ɓoye fuska da littafi. Ashe duk ajin Baturiya suka ɗauke ta. Mu da muka koyi aikin malanta an horar da mu mu jawo iyaye kusa da makaranta, ga shi nan zuwan uwa ya zama wa yarinya tonon asiri.

Da ta girma abin ya ƙazanta. Saurayinta Bature ya ji asalin uwarta, ya yi mata dukan kawo wuƙa ya bar ta kwance a titi. Ta gudu ta shiga aikin rawa a gidajen shaƙatawa na dare da wani suna dabam. Annie, ga ciwo ya ci ƙarfinta, ta hau jirgin sama har Kalifoniya don ta rungume ta sau ɗaya. Suna cikin sallama abokiyar aikin yarinyar ta shigo, sai Annie ta ce ai ita tsohuwar mai rainonta ce. Uwa ta musanta kanta da bakinta don ta rufa wa 'yarta asiri.

To kun gani, wadda ta fita aiki 'yarta ta juya mata baya, wadda ta zauna ita ma haka. In da zama kusa shi kaɗai ne magani, da Annie ba ta mutu da baƙin ciki ba. Sa'an nan ita Annie ai ba zaman gida take yi ba, aiki take yi a gidan wata, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta ta zaɓa. Lora ce kaɗai aka ba zaɓi, ita ma ba ta iya zaɓa ba sai da ta sami bayan da za ta ɗora wa goyonta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ran da Annie ke zancen mutanen da take so su zo jana'izarta, Lora ta yi mamaki wai ashe tana da abokai. Annie ta ce ai ba ta taɓa tambaya ba. Shekara 11 suna cin abinci daga tukunya ɗaya! Laifin Lora ke nan a wurina, ba fita aiki ba.

Wannan wuri ya shafe mu. Matanmu ba baƙin sana'a ba ne, tun kaka da kakanni ana kaɗi, ana kitso, ana ƙuli-ƙuli da tuwon sayarwa daga cikin kulle. Yau kuma ga malamai, ga ungozoma, ga ma'aikatan asibiti, kuma lalle ana bukatarsu, don mace da yawa ba ta sakin jiki da likita namiji. Amma kowace malama da ta tsaya gaban allo, akwai wadda ke riƙe da jaririnta: kaka, ko goggo, ko abokiyar zama, ko kuwa 'yar ƙauye da aka ɗauko raino. In ta ƙarshen ce, ke uwar gida, shekararta nawa? Tana zuwa makaranta, ko kuwa kina koyar da 'ya'yan wasu alhali wadda ke goya naki ba ta san baƙi ba? Yaushe rabonta da ganin uwarta? Ku kuma 'yan makaranta, zancen aiki kafin ɗaurin aure ake yin sa, a gaban magabata, ba bayan an kai lefe an sha biki ba.

Asalin labarin littafi ne na Fannie Hurst, na 1933, an kuma fara mayar da shi fim a 1934. A wancan na farko ba wasan kwaikwayo ne ya arzuta Baturiyar ba, fanke ne, kuma baƙar macen ce mai sirrin haɗa shi, amma kashi 20 cikin 100 na riba aka yanka mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Douglas Sirk, haifaffen Jamus wanda ya shirya na 1959, ya sauya sana'ar, amma ya bar tsarin gidan yadda yake.

Ƙarshen fim ɗin jana'izar Annie ce, yadda ta tara kuɗi ta shirya wa kanta. Coci ya cika maƙil da mutanen da Lora ba ta san da su ba, shahararriyar mawaƙiya Mahalia Jackson ta rera waƙa, fararen dawaki suna jan keken gawa. Sai ga Sarah Jane ta keto taro a guje ta fāɗa kan akwatin, tana shaida wa duniya cewa uwarta ce, tana neman gafara.

Lana Turner ce ta fito a Lora, sunanta ne a sama a takardun talla. Amma da aka zo zaɓen waɗanda za su yi takarar lambar Oscar, ba a sa ta ba, sai Juanita Moore wadda ta fito a Annie, da Susan Kohner wadda ta fito a Sarah Jane. Ba wadda ta ci cikinsu. Juanita Moore ta rasu ran 1 ga Janairu 2014, tana da shekara 99.