Ko Kun Sani? Kukan Fedar Jita da Maganinsa

Ko kun san cewa fedar nan da makaɗin jita yake takawa domin ya sarrafa sauti, wadda irinta mai suna wah-wah ta shiga kasuwa a Amurka a shekarar 1967, idan ta fara kuka a ƙarƙashin ƙafa, galibi illar ba ta shafi lantarkin na'urar ba? Sababin yana wajen ƙarfen da fedar take juyawa a kansa, domin a gari irin Yola, daga Makama har Jimeta, inda ƙurar hunturu take kutsawa kowace kafa, sa'annan zafin Maris da Afrilu ya kan haura digiri 40, giris ɗin da masana'anta ta shafa ya kan cakuɗe da ƙura ya bushe, har ƙarfe ya riƙa gugar roba.

Maganinsa kuwa, bayan an zare waya daga wuta, shi ne a share mahaɗar da burushi mai taushi, a ɗiga giris na silikon ɗan kaɗan, a taka fedar sau da yawa har ya ratsa, kana a daidaita notin da yake riƙe da ita. Wajibi ne a nisanci baƙin mai da man gyaɗa, waɗanda suke tara ƙura, kuma kada giris ya taɓa idon hasken da wasu na'urorin suke auna motsin feda da shi. Amma idan ƙarar ta lasifika take fitowa, to, wannan aikin mai gyaran rediyo ne.